Allo Ya Ce Sittin

Allo ya ce sittin.
Babana Toktosun ya leƙa ta taga ya yi tsaki:
"Wannan tun bazara aka kafa shi,
bai ji labarin daren jiya ba."

Na ɗage ƙafa daga totur.
Buhunan wake tamanin da muka ɗauko daga Talas
suka gyara zama a bayanmu.
Kwarin Susamir ya yi fari fat,
kamar an ɓarar da madarar shekara guda.

Hunturuna na farko ke nan a kan sitiyari.
Shi kuwa talatin da huɗu ya yi,
sai da yana ta rufe masa ido
ya miƙo mini makulli, bai ce komai ba.
Yanzu da kunne yake tuƙi.

"Aizada, kashe rediyo. Saurari taya.
In tana tsaki, ruwa ne, da sauƙi.
In tana gurnani, dusar ƙanƙara ce, ana shiri da ita.
Amma in ta yi shiru,
in kwalta ta yi baƙi tana sheƙi kamar an shafa mata mai,
to ki ji tsoron shirun nan."

Taya ta yi shiru.

Na bi ta a talatin, na koma ashirin da biyar.
Wata baƙar mota ta matso mana baya,
fitila, ham, fitila, ham,
ta wuce mu kamar an harbo ta daga baka.
Kunya ta kama ni. Ƙafata ta fara ƙaiƙayi.
"Bar shi," in ji Baba,
"hanyar da yake gani ba ita ce ke ƙarƙashinsa ba."

A kwana ta bakwai hazo ya sauko,
duniya ta rage saura tsawon igiya.
"Kada ki yi gudun da ya wuce ganinki.
Inda idonki ya tsaya,
nan ya kamata motarki ta iya tsayawa."
Bai rufe baki ba sai ga tumaki,
ɗari ko fiye, da yaro a kan doki yana hura hannu.
Na taɓa birki kamar mai taɓa goshin jariri,
na saki, na sake taɓawa.
Muka tsaya. Tunkiya guda ta shinshina fitilarmu.

Na ce a raina, na gane karatun:
sannu, sannu, sai sannu.

Sai hawan To-Ashu ya miƙe a gabanmu,
na lallaɓa shi kamar hawainiya.
Baba ya daki gwiwarsa: "Ba ta wuta!
Tun daga nan ƙasa, yanzu!
In ta mutu miki a tsakiyar tudu
da baya za mu koma, mu da waken duka."
Ashe sannun ma tana da wurinta.
Na sa giya ta biyu, na riƙe ƙafa a wuri ɗaya,
ban ƙara ba, ban rage ba,
sarƙoƙi suna cizon ƙanƙara har muka hau.

A gangara muka iske baƙar motar,
hancinta a cikin tudun dusa, gindinta a sama,
mai ita a tsaye, lafiya lau, takalmin biki a ƙafarsa.
Baba ya zuba masa shayi a murfin fulas,
bai yi masa wa'azi ba.
Muka ɗaura igiya, muka ja.

Mun shiga Bishkek an gama sallar isha,
kasuwa ta tashi, sai gobe.
Yatsuna sun ƙi miƙewa.
Na juya in tambaye shi ko na yi daidai,
na tarar ya yi barci,
hularsa a kan hanci, baki a buɗe.

Umma ta ce tunda take da shi
bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba.