Mai Gadin Ƙarfen Sabis a Kware

Ni ke kwana gindin ƙarfen nan,
dogo, mai jan ido, yana ƙiftawa har asuba.
Mutanen Kware na ce mani mai gadi.
Ni na san hanya nike gadi,
hanyar da jaki bai taɓa takawa ba.

Ige na can Kasuwar Daji da buhunan albasa,
ya danna waya da babban yatsa mai warin ganye:
"Inno, kada a saida sauran, ta tashi."
Kalma bakwai. Nan suka biyo, bisa kaina,
ina barci ban ji ko motsinsu ba.

Injiniya Ladan, ran da ya zo canza batir,
ya zauna kan jarkata ya ce mani:
Bawa, saƙo ba ya tafiya ɗungum.
Yanka shi ake kamar naman layya,
kowane kaso da lamba a goshi,
can a ƙofar mai karɓa a jera su,
in guda ya ɓace, a ce sake turowa.
Kuma kafin komi sai an yi sallama,
waya ta ce salamu alaikum, waya ta amsa.
In ba a amsa ba, ba shiga.

Daren Laraba janareta ya yi tari ya mutu.
Na tashi da tocila a baki,
mai ya daskare a tiyo, sauro na cin wuyana.
Saƙon wani na tsaye a sama
kamar baƙo a zaure.
Ila haihuwa ce, ila rasuwa,
ila kuɗin makaranta.
Da injin ya kama, sai da na ce
ku wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Inno ba ta karatun boko.
Jikanta ya karanta mata, ta ce maimaita,
sannan ta sa aka rufe rumbu.

Ni ma ina da nawa saƙon.
Tun bara na aika wa ƙanena Dikko a Illela
kan gonar da muka yi wa faɗa.
Alama biyu ta fito, ya isa.
Hanya lafiya lau, ni shaida ne,
ni ke zuba mata mai.

Injiniya bai gaya mani
wane batir ake canza wa wannan ba.
Na yi sallama, Dikko.
Ina nan zaure.