Tambaya ta Talatin da Ɗaya

A Kutaisi, ɗaki na huɗu, sashen gashin ƙashi,
inda taga ke kallon kogin Rioni,
nakan miƙa takarda kafin in miƙa hannu.
Tambaya talatin, amsa daga ɗaya zuwa biyar.
Kina iya buɗe murfin kwalba?
Murɗa makulli? Cuɗa bayanki?

Tsiala ta zagaye ɗaya, ɗaya, ɗaya,
har gindin shafi: babu wahala.
Na ɗora mata ma'aunin damƙa a tafi.
Ta matsa, ta ciji leɓe,
allura ta rarrafa, ta kwanta a kilo tara.

Na ce, kwalbar fa?
Ta ce, jikana ke buɗewa.
Makullin?
Tun da na faɗi a kan ƙanƙara ban kulle ƙofa ba.
Wahala ka tambaya, ɗan nan.
Ni kuwa ban sha ta ba.

Bayanta Gocha, mai gyaran agogo,
ya matse ƙarfen har na ji tsoron ya karye,
kilo arba'in da shida.
Takardarsa kuwa biyar, biyar, biyar,
bakin biro ya huda ta wuri biyu.
Ya ɗaga ɗan ali da babban yatsa, ya haɗa su.
Ya ce, a nan nake zaune shekara talatin.
Yanzu in na ɗauki kusa mai girman ƙwayar gishiri
sai na duba da ido
kafin in san tana hannuna.

An ce gani ya kori ji.
A ɗakin nan ba wanda ya kori wani.
Ma'auni bai yi ƙarya ba,
su ma ba su yi ba.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
wani dai ya daɗe da janye gadonsa daga wurin
har ya manta ana ruwa.

Da yamma na zuba lambobin a kwamfuta.
Ta ce Tsiala ta warke,
ta ce Gocha ya nakasa.
Na kashe fitila, na tsaya ina kallon nawa hannun
kamar baƙon da ban tambayi sunansa ba.

Mako shida, sai ga ta da kwano a cikin tawul.
Kinkali ne, kwaɓin fulawa an ƙulle nama a ciki,
yana ta tururi.
Ta ce, kada ka ci tukuna. Ƙirga ninkin bakinsa.
Na ƙirga. Goma sha ɗaya.
Da can sha tara nake yi, in ji ta,
ranar Lahadi bakwai na iya.

Na juya takardar gaba da baya,
babu gurbin wannan.
A gefe, inda ba layi,
na rubuta sha ɗaya,
romo yana gangara mini zuwa gwiwar hannu.