Jiƙon Wake

Ni ce Briskila mai injin markaɗe,
bayan kasuwar Sabon Tasha, daf da masu gawayi.
Shekara goma sha ɗaya ina tsaye cikin ƙara.
Tattasai, tumatir, waken ƙosai, geron koko,
kowa da bokitinsa, kowa da gaggawarsa.
In na kashe injin da yamma
ba ya mutuwa a kunnena,
sai ya biyo ni gida kamar mai bin bashi,
ya kwana kan filona yana gunji.

Da wannan kunnen nake zuwa majami'a.
Fasto ya karanta, lasifika ta amsa,
na ce amin da ƙarfi don kada a bar ni a baya,
na fito ban riƙe ko tsinke ba.

Mama Kuyet ce ta gano ni,
tsohuwar da ke share benci ranar Asabar.
Ta ce, ke da wake ke wucewa ta hannunki kullum,
kin taɓa markaɗa shi busasshe?
Na ce, ai sai injin ya shaƙe.
Ta ce, to.
Ta ɗauki tsintsiyarta, ba ta ƙara ba.

Tun ranar nake tashi huɗu da rabi.
In taɓa ƙafar Didam, ya miƙe yana ƙunƙuni,
ya haska Littafi da fitilar waya,
don ni haruffa gudu suke yi a idona.
Aya ɗaya, na ce masa, kada ka wuce.
Ya karanta. Na ce sake.
Ya sake da hamma a tsakiya.
Na ce sake, a hankali, kamar mai ƙirga canji.
A ta uku ya koma bargo,
ya bar ni da ita a duhu.

Sai shiru.
Kada wani ya ce maka shiru abu ne mai sauƙi.
Makonnin farko abin da na ji
kuɗin mai ne, da bel ɗin da ya kusa tsinkewa,
da baƙar maganar da kishin kasuwa ya sa aka yaɓa mini.
Na kore su, suka dawo da 'yan'uwansu.
Da na gaji na ƙyale su,
sai suka kwanta da kansu kamar gasara,
ruwa ya tsaya a sama, garau.

Laraba ina azumi.
Attaruhu na shiga hancina, Asabe na suya a gefe,
ina niƙa miyar gidajen da ban sani ba.
Ban iya bayaninsa ba,
amma yunwa tana da kunne a ciki,
kuma ya fi na waje ji.

Ba kullum ake ba ni wani abu ba.
Akwai asubar da nake tashi hannu wofi,
gwiwa ta yi tsami, ayar na nan kamar tsakuwa.
In ɗaure ta a bakin zane, in tafi.

Amma ran nan wata ta ce na rage mata ƙullu,
a gaban layi, da yatsa a fuskata.
Harshena ya wasu, ya miƙe tsaye.
Sai ayar makon jiya, wadda na ɗauka ta ɓace,
ta taso a ƙirjina, ta kumbura, ta yi laushi,
ta cika bakin har zagi ya rasa hanya.
Na wanke mata bokiti. Na miƙa.
Hannuna na rawa, ban ɓoye ba.

Yanzu gari ya waye, ga layi ya fara.
Zan ja igiya, injin ya yi tari ya kama.
Kunnen bai warke ba, likita ya ce ba zai warke ba.
Sai dai can ƙarƙashin ƙarar
akwai wani wuri, bai fi idon wake ba,
inda har yanzu ake yi mini magana,
ni kuma ina cewa: sake.