Rabin Kallo

Shekara tara ina kallo daga reshen bedi,
ni da Tanimun, ɗan mai gyaran rediyo na Zango.
Ba mu da dala ashirin ta shiga,
sai ƙafafu masu kama itace kamar na ƙadangare.
Katangar gidan wasa ta raba mana duniya biyu:
daga ƙugu zuwa sama namu ne,
daga ƙugu zuwa ƙasa na masu tikiti.

Mun san hular mai gurmi, ba mu san takalminsa ba.
Mun ga alƙalin wasa yana zare ido, gemun auduga na saɓulewa,
mun ga ɓarawo ya faɗi, amma inda ya faɗa
sai dariyar mutane ke kawo mana labari.
Gaji kuwa, in ta fito,
kafaɗarta muke gani tana magana,
akayau na kuka can ƙasa inda ido bai kai ba.
Tanimun ya rantse ƙafarta ba ta taɓa siminti.
Na ce ƙarya ne.
Ya ce sauka ka duba.

Baba Kiyari mai ƙofa ya san da zamanmu.
Yakan ɗaga sanda ya yi wa ganye faɗa,
ya koma kujerarsa yana ɓare goro.

Daren jiya na biya jikka guda.
Yarinya ta yage takarda ta miƙo mini rabi.
Rabi kuma! Na yi dariya ni kaɗai.
Bencin siminti bai gama huce zafin rana ba,
lambobinsa sun koɗe, tsaga ta ratsa shi
tun daga bakin dandamali har ƙofar fita.
Ashe dandamalin bai kai rumfar shagona faɗi ba.
Jemagu na nan, ko jikokinsu.
Warin turare, warin tsire, warin tsohon fenti.
Na zauna gaba, inda manya ke zama da,
ban san yadda zan yi da hannuwana ba,
tun da babu reshen da za su riƙe.

Samari suka yi ta duka jita,
lasifika na girgiza mini haƙarƙari.
Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ce a yi shiru,
jika ta riƙo hannun wata tsohuwa ta hau da ita matakala uku,
ɗaya,
ɗaya,
ɗaya.
Ba a faɗi suna ba na gane kafaɗar.

Ta tuɓe takalmi.
Tanimun, ga su nan:
dunduniya duk faso, babban yatsan hagu ya karkace,
lalle ya tsufa ya koma launin ƙasar Birni.
Mai kalangu ya kira ta, ta amsa,
ta taka siminti har ƙura ta tashi.
Tana taɓawa, abokina. Da ƙarfi ma take taɓawa.
Na ci gardama,
shekara goma sha ɗaya bayan an kai ka makwanci,
babu wanda zan ce wa ka gani?

Sai dai a juyin ƙarshe,
da kiɗa ya tsinke, akayau ya yi shiru ƙiftawa guda,
akwai ɗan haske tsakaninta da ƙasa.
Ko fitila ce, ko ruwan idona,
ba zan ɗauki rantsuwa ba.

Da aka watse na bi ta bayan katanga neman kabu-kabu.
Bedin ya yi kauri, wani yaro na zamewa daga jikinsa,
gwiwa duk ƙuje, ganye a gashin kai.
Ya ga rabin takarda a hannuna, ya tare ni:
Baba, kai da ka shiga,
tsohuwar nan, ƙafarta na taɓa ƙasa?

Na dubi reshen, ya yi sulɓi don zama.
Na ce, ina fa!
Wa ya gaya maka tana taɓawa?