Zukinin Oronzo

Oronzo ya adana irin bara a tsohuwar safa,
ya shuka bayan gida, can Nardò,
dab da duman adon maƙwabciya.
Ƙudan zuma ba su san katanga ba.

Bazara ta yi tsawo, rijiya ta ƙafe.
Da yamma Immacolata ta yanka zukini,
ta ɗora guntu a harshe,
ta tofar.
Ɗaci kamar an fasa maɗaciya.

"Wuta za ta cinye shi," in ji tsohon,
"ga man zaitun, ga tafarnuwa."
"Baba, wannan ba ya jin wuta.
Hanji yake nema."

Ya yi shiru yana murza safar.
Shekara sha tara yana riƙon irin nan.

Daren, burodi suka ci da tumatir.