Kalandar Barau

A ɗakin kakana, can Gagarawa Tasha,
sama da randar da ta daina sanyi,
akwai kalanda sa'ar uwata.
Ƙusar da ke riƙe da ita ta yi tsatsa,
ta zubo jan hawaye har tsakiyar watan Maris.

Jirgin ƙasa ne, zanen hannu,
baƙin kai yana aman hayaƙi,
taragu bakwai, da su na koyi ƙirga.
Mai zanen bai taɓa taka ƙasarmu ba:
ya dasa mana duwatsu inda muke da rairayi,
ya ba kuka ganyen mangwaro,
ya ɗora wa raƙumi tozo biyu.
Kaka Barau kan ce, "Ku ƙyale shi,
jirgin dai ya san shi,
ko ƙararrawa bai sa a karkace ba."

Shekara talatin yana ɗaga tuta, kore da ja.
A gefen kwanaki ya bar ajami da fensir:
ran da jirgin Nguru ya kwana a hanya,
ran da saniya ta kwanta kan dogo ta ƙi tashi,
buhu huɗu na gyaɗa, bashi, wurin Ɗan'azumi,
ran sunan Tabawa.
Shekarar ta ƙare, bai sauke ta ba.
Shi ma ya ƙare, tana nan.

Bayan sadakar arba'in sai ga Sabi'u,
ɗan kawuna mai ɗab'i a Fagge.
Ya ce, "Ara mini ita mako ɗaya.
Masu kuɗi na neman irin wannan su rataya a falo."

Ya shimfiɗa ta kan gilashi, haske ya bi ta kanta.
Na'ura ta wanke kashin ƙuda,
ta kankare baƙin fitilar ƙwai,
ta cike gefen da gara ta ci,
ta datse kwanaki duka, da bashi, da saniya, da suna.
Ya buga ɗari biyu a takarda mai sheƙi,
kowace da lambarta a ƙasa, kamar ɗan fursuna.

Ya aiko mini da ta goma sha tara,
da naira dubu ashirin a ambulan.
Iya Kande, da idonta ya yi hazo,
ta shafa ta daga sama har ƙasa,
ta sunsuna, ta miƙo mini.
"Wannan jirgin bai taɓa ɗaukar kowa ba," in ji ta.

Na so in tsaya a nan, in yi fushi in huta.
Amma ran kasuwa na rataya ta a rumfata,
wani tsoho mai kaji ya tsaya gabanta,
ya manta da kajin,
ya dunƙule hannu a baki ya yi kukan jirgi,
dogo, sau biyu, yadda ake yi kafin gada.
Yara suka fashe da dariya.
Shi ko gemunsa ya jiƙe.
Ya ce a tarago na uku ya fara ganin Kano.
Bai tambayi inda tsatsar ta tafi ba.

Mako ɗaya ya zama wata uku.
A bangon kaka saura ƙusa
da wani fili mai kusurwa huɗu, fari tas,
inda hayaƙi bai samu shiga ba.
Awaki na kiwo tsakanin ƙarafan dogo.

Jiya Sabi'u ya kira.
Wani alhaji a Abuja na son ta asali,
da tsatsarta, da kashin ƙudanta, da bashin Ɗan'azumi.
Kuɗin da ya faɗa zai yi mana rufin kwano.
Ɗakin Iya na yoyo ta gabas,
hadari kuma ya fara haɗowa.

Na ce masa katina ya ƙare.