Kwana Saba'in da Huɗu

Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani Kubanni ne,
sai Galma in ya cika ya batse da damina.
Amma tun ranar da Okwudili ya yanka min rasiɗi
a shagonsa na Sabon Gari,
teku ya shigo garejina ya sami benci ya zauna.

Motar Tanimu ce a kan duwatsu,
cikinta a buɗe, giyabos ya cinye haƙoransa.
Mun yi walda, mun yi ciko, mun haɗa da addu'a,
ta kai Giwa sau biyu,
a na uku da igiya aka jawo ta.
Okwudili ya ce irinsa ya ƙare a Kano, ya ƙare a Ikko,
sai dai a sako shi a kwantena mai tasowa.
Sati shida, in ji shi,
ya ɗaga yatsu har da rantsuwa.

Sati na farko, jirgi bai cika ba.
Ashe shi ma sai ya yi lodi kamar a tashar Kwangila.
Sati na uku ya nuna min wani ɗigo a waya,
ja, ƙarami kamar cizon sauro,
a tsakiyar shuɗin da ba shi da gefe.
Ya ce ga kayanka nan.
Na ce to, Allah ya tsare,
ban san da me ake gaida ɗigo ba.

Tanimu yana zuwa bayan la'asar,
ba ya tambaya, kujerar direba kawai yake hawa,
ya riƙe sitiyari, ya dubi katanga.
Kwandastansa ya koma sayar da rake a Tudun Wada.
Kazar maƙwabta ta yi ƙwai tara ƙarƙashin injin,
ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bakwai,
jirgi bai iso ba.

Da ya iso kuma sai layi.
Ya tsaya a bakin Apapa yana kallon gari,
kamar baƙon da aka ce mai gida na wanka.
Sai kwastan, sai takarda ta haifi takarda,
sai dala ta motsa cikin dare
ta ƙara min dubu arba'in ina barci.
Na sayar da ragon da nake kiwo.
Matata Asabe ba ta ce komai ba,
ta dai kwance igiyar ta rataye inda zan riƙa gani.

Ranar Talata tirela ta sauke shi a PZ,
muka ɗauko a kura, ni da yarona Ɗanjuma.
Na sunkuya na shinshina akwatin
ko zan ji yadda teku yake.
Baƙin mai na ji, da jiƙaƙƙen katako,
warin da na tashi a cikinsa tun ina ɗan shekara goma.

Da muka kware ledar,
sai ga safar hannu guda ɗaya, ta hagu,
wani ya manta a can inda aka kwance shi.
Babban yatsan ya huje
daidai inda sifana ta cinye nawa.
Na zura hannu. Ta yi min cif.

Ban san sunansa ba, ban san yarensa ba,
ban san ko ya neme ta har ya zagi yaronsa ba.
Na dai ga ya toshe kowace kafa da tsumma,
ya ƙulle notuna a leda, ko ɗaya bai ɓata ba.
Wannan mutum ya san akwai mai jira.

Kafin magariba giya ta ɗaya ta shiga ba ƙara.
Tanimu ya zagaya Agoro ya dawo yana dariya,
ya ce saura kuɗin aiki sai ƙarshen wata.
Safar tana kan ƙusa, kusa da igiyar rago.